Nawa Ake Biyan Manajan Fasaha a Harkar Mai da Lantarki?

A Nijeriya, da zarar an ambaci aiki mai gwaɓin albashi, "aikin mai" ne ke fara zuwa baki. Iyaye na fafutukar ganin 'ya'yansu sun karanci injiniyanci da wannan fata, matasa kuma na tura wa juna alƙaluma ta waya: wannan ya ce manaja a kamfanin mai na kwasar miliyoyi barkatai duk wata, wancan ya ce akwai injiniyan lantarki mai muƙamin manaja da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Mai sauraro sai ya rasa wanda zai gaskata. Abin da ya sa ruɗanin ya daɗe shi ne dukkansu biyun na iya kasancewa kan gaskiya, domin mutane daban-daban suke nufi, waɗanda sunan muƙami kaɗai ya haɗa. Hujjar wannan sharhi guda ce: abin da ya fi yanke albashin manajan fasaha a wannan fanni shi ne irin kuɗin da kamfaninsa ke sayar da hajarsa da shi, dala ko naira, da kuma ko kuɗin na shigowa a kan kari. Ilimi da ƙwarewa da daɗewa a aiki suna da tasiri, amma a cikin da'irar da wancan ya riga ya shata.

Wa ake nufi, kuma wane fanni?

Manaja, kalmar da Hausa ta daɗe da arowa, shi ne wanda aka ɗora wa ragamar wani sashe, da ma'aikatansa da kasafinsa. Manajan fasaha kuwa injiniya ne ko masanin kimiyyar ƙasa da ya shafe shekaru a fagen aiki, sannan aka ɗaga shi ya shugabanci sashen da ya shafi injuna da na'urori: haƙar rijiya, gyaran injuna, kula da tukwanen matatar mai, layukan dakon wuta, ko tsaron lafiyar ma'aikata. Shi ke sa hannu kafin a kunna inji ko a kashe shi. Yana sama da injiniyoyin da ke aiki da hannu, yana ƙasa da daraktocin da ke zaune a majalisar gudanarwa. Wannan bambanci na da muhimmanci, domin yawancin manyan alƙaluman da ke yawo na daraktoci ne. Kamfani irin Seplat, da ke sayar da hannun jari a kasuwannin Legas da Landan, doka ta tilasta masa bayyana abin da yake biyan daraktocinsa a rahoton shekara, amma ba ta tilasta masa fayyace albashin manajan da ke kula da rijiyoyi ba.

Makamashi kuma babbar rumfa ce. A ƙarƙashinta akwai masu haƙo ɗanyen mai da iskar gas, akwai masu dakonsu ta bututu da masu sarrafa gas irin kamfanin NLNG da ke Bonny, akwai matatu da dillalan fetur. Akwai kamfanonin hidima irin SLB da Halliburton da Baker Hughes, waɗanda ba su mallaki rijiya ba, aiki suke yi wa masu rijiya. Sai ɓangaren lantarki mai hawa uku: masu samarwa, kamar tashoshin Kainji da Jebba da Shiroro da Egbin, sai kamfanin dakon wuta na gwamnati, TCN, sai kamfanonin rarrabawa irin KEDCO da na Kaduna da na Jos da na Yola. A baya-bayan nan an sami ƙananan kamfanonin wutar sola. Duk waɗannan na da manajojin fasaha, kuma wanda ya nemi adadi guda da zai wakilce su baki ɗaya ya nemi abin da babu.

Abin da ake kira albashi

Ko a kamfani ɗaya, kalmar albashi na iya nufin abu uku. Akwai gundarin albashi, wanda a wasu wuraren bai kai rabin abin da ake biyan mutum ba. Akwai jimillar da ta haɗa da alawus-alawus, wato kuɗaɗen da ake ƙarawa don wata buƙata ta musamman: gida, mota, hutu, zama a kan teku ko a daji. A kan haka ake ɗora bonas, wato tukuicin ƙarshen shekara da ya danganta da ribar kamfani da ƙwazon mutum, sannan inshorar lafiyar iyali, wani lokaci har da kuɗin makarantar yara. Na uku shi ne abin da ke faɗawa asusun banki bayan an cire haraji da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10. Harajin kuɗin shiga kuma mafi girman matakinsa kashi 24 ne a tsohuwar doka, sabuwar dokar haraji ta 2025 ta mayar da shi kashi 25 a kan abin da ya haura naira miliyan 50 a shekara. Mutum biyu na iya faɗin albashin muƙami ɗaya, adadin ɗaya ya ninka na ɗayan, ba tare da wani ya yi ƙarya ba.

Sai matsalar lissafi. A ɗauka, don misali kawai, akwai manajoji goma. Tara na karɓar naira miliyan ɗaya da rabi a wata, na goma na karɓar miliyan 15. Idan aka tara aka raba goma, za a ce matsakaicin albashi miliyan 2.85 ne, adadin da ko mutum ɗaya cikinsu ba ya karɓa. Idan kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, miliyan ɗaya da rabi za a samu, kuma wannan ya fi kusa da halin da yawancinsu ke ciki. Ƙasashen da ke tattara irin waɗannan bayanai da gaske albashin na tsakiya suke fitarwa. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta nuna cewa a 2023 albashin na tsakiya cikin manajojin injiniyanci da zanen gine-gine, a duk fannoni, ya ɗan haura dala 165,000 a shekara, na injiniyan man fetur kuma ya kusa dala 136,000. Wannan adadi na manajoji ya kai kimanin dala 13,800 a wata kafin haraji. Da shi da irinsa ake auna kasuwar duniya, kuma a wannan kasuwar ƙwararren injiniyan Nijeriya ke iya sayar da basirarsa.

Dala da naira

A nan ne gundarin maganar yake. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, cikin 'yan watanni dala ta haura naira 1,500. Manajan da ke karɓar naira miliyan biyu a wata, a da kuɗinsa sun kai dala 4,350 ko kusa da haka. Bayan faɗuwar naira sun koma dala 1,330. Kafin ya tsaya a inda yake, ba ma ya ci gaba ba, sai an mayar da albashinsa naira miliyan shida da rabi. A gefe guda an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Tambayar ita ce, wane kamfani ne ke da halin ninka albashi sau uku?

Wanda ke fitar da ɗanyen mai ko gas zuwa waje yana da halin, ko da bai yi hakan duka ba. Gangar mansa da dala ake saye, don haka faɗuwar naira ta rage masa nauyin albashin da yake biya da naira, ta bar masa sarari mai faɗi na yin ƙari. Yawancin ma'aikatansa 'yan ƙasa da naira ake biyansu, amma ƙungiyar manyan ma'aikatan mai, PENGASSAN, da ta ƙananan ma'aikata, NUPENG, na zama da kamfanoni lokaci-lokaci su sabunta yarjejeniyar albashi, kuma suna da makamin da kowa ke tsoro, wato rufe famfon mai. Manajoji galibi sun fita daga ƙungiya da zarar sun hau muƙami, sai dai ba zai yiwu a bar na sama yana karɓar ƙasa da wanda yake shugabanta ba, don haka duk ƙarin da ƙungiya ta samo yana tura albashin manaja sama. Wani dalilin kuma shi ne yanayin aikin kansa. Haƙar mai ta fi cin jari fiye da cin ma'aikata: rijiya ɗaya a cikin teku mai zurfi na iya lashe dala miliyan gommai, hayar na'urar haƙa kuma dala dubu ɗaruruwa ce a rana. Manajan da ya rage kwana biyar a aikin haƙa ya biya albashinsa na shekaru. Kamfani ya san haka, shi ya sa ba ya jan ciniki da irin wannan mutum.

Lantarki kuwa labarinsa daban. Tun Nuwambar 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 da na samarwa ga 'yan kasuwa, bayan an wargaza PHCN, magajiyar NEPA. Wutar da naira ake sayar da ita, a farashin da hukumar NERC ta ƙayyade, alhali taransifoma da kayan gyara da farashin gas duk suna bin dala. Kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita, ana satar wuta, ana ƙin biyan bil, har ma'aikatun gwamnati na cikin masu taurin bashi. Ƙasar na da injunan da za su iya samar da kimanin megawat 13,000, ma'aunin ƙarfin wuta ke nan, amma abin da ke hawa layi ya saba tsayawa tsakanin 4,000 da 5,000. A 2022 bankunan da ke bin bashi suka karɓe ragamar wasu kamfanonin rarrabawa, ciki har da na Kano da na Kaduna, sannan a Janairun 2024 NERC ta rusa hukumar gudanarwar na Kaduna saboda bashin da ya haura naira biliyan 100. Masu samar da wuta su ma suna bin gwamnati bashin tiriliyoyin naira. Ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, da ya kai rukunin farko, masu samun wuta awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, ya ɗan sauƙaƙa lamarin, amma rukuni ɗaya ya shafa. Kamfanin da ke wannan hali ba zai iya gogayya da mai sayar da gas ga Turai wajen biyan injiniya ba, ko da injiniyoyin biyu aji ɗaya suka zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ko da na lantarkin ya fi shan wahala.

Ma'aikatun gwamnati na wannan fanni sun faɗo a tsakiya. Dokar masana'antar man fetur ta Agustan 2021 ta mayar da NNPC kamfani mai cin gashin kansa, ta kuma kafa hukumomi biyu masu sa ido, NUPRC da NMDPRA. Waɗannan ba sa bin tsarin albashin ma'aikatan gwamnati mai mataki 1 zuwa 17, shi ya sa ake rububin shigarsu. Akwai kuma wata ɓoyayyiyar tazara da ba a cika magana a kanta ba: ma'aikacin dindindin da ma'aikacin kwantiragi. Kamfanoni da dama na ɗaukar injiniyoyi ta hannun 'yan kwangilar samar da ma'aikata, su sa musu hula da rigar kamfani, su ba su aikin shugabanci, amma ba garatuti, ba tabbacin gobe. Ƙungiyoyin ƙwadagon mai sun shafe shekaru suna ƙorafi a kan haka.

Baƙo da ɗan gida

Babu inda maganar ta fi zafi kamar nan. Dokar bunƙasa hannun 'yan ƙasa a harkar mai ta 2010 ta ba kamfani damar riƙe baƙi a muƙaman gudanarwa da ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba, ta kuma ce a haɗa kowane baƙo da ɗan ƙasa mai koyon aikinsa, wanda zai gaje shi cikin shekara huɗu. Hukumar NCDMB da ke Yenagoa ce ke sa ido. A Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta sanya harajin dala 15,000 a shekara kan kowane baƙon darakta da dala 10,000 kan sauran baƙin ma'aikata, da nufin rage tazarar albashi tsakanin baƙo da ɗan gida, amma ta dakatar da shi ba da jimawa ba saboda kukan 'yan kasuwa. A Jamhuriyar Nijar abin ya wuce haka. A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'ai uku 'yan China na kamfanonin mai, ciki har da na matatar SORAZ da ke Damagaram, ministan mai Sahabi Oumarou kuma ya ce matsakaicin albashin ma'aikaci ɗan China ya haura dala 8,600 a wata, alhali ɗan Nijar mai irin muƙaminsa na karɓar kimanin dala 1,200.

Kamfanoni na kare kansu da cewa baƙo ba don Damagaram ko Fatakwal ake masa farashi ba; abin da zai samu a ƙasarsa ake dubawa, a ƙara masa ladan barin iyali. Wannan magana na da ƙamshin gaskiya, kuma tana ƙarfafa hujjar wannan sharhi, domin baƙon a kasuwar dala ake sayensa, ɗan gida a kasuwar naira ko sefa. Sai dai tana da iyaka. Ta isa ta bayyana alawus na gida da tikitin jirgi, ba ta isa ta bayyana ninki bakwai a kan aiki ɗaya ba, balle ta bayyana dalilin da zai sa muƙamin da doka ta ce a miƙa cikin shekara huɗu ya ci gaba da zama a hannun baƙo.

Masu ja da wannan magana

Wasu za su ce an rage darajar ƙwarewa. Ai kamfanonin mai na tace masu neman aiki tacewa mai tsanani, suna kashe kuɗi wajen horar da su a waje, don haka ingancin mutum ake biya. Babu musu cewa a cikin kamfani ɗaya ƙwarewa ke bambanta albashi, kuma rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN da takardun shaidar duniya suna ɗaga mutum. Amma a duba alƙiblar tafiyar: injiniyan lantarki ɗaya, da iliminsa ɗaya, idan ya bar kamfanin rarraba wuta ya koma kula da injunan wutar wani kamfanin gas, albashinsa na canzawa a ranar da ya sa hannu, ba tare da ya ƙara karanta ko shafi ɗaya ba. Kamfanonin mai na samun zaratan mutane ne saboda suna da abin biya.

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke zuwa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a Yulin 2024, ina adalci a ce mutum ɗaya na karɓar abin da ya ninka haka sau gommai, daga arzikin da na kowa ne? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba za a kore ta da cewa hassada ce ba. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce girman abin da kuskure ke jawowa. Gobarar dandalin haƙar mai na Piper Alpha a Tekun Arewa ta kashe mutum 167 a 1988, kuma binciken da ya biyo baya ya gano sakaci a tsarin takardar izinin aiki da miƙa aiki tsakanin masu canjin aiki, wato dai aikin da manajan fasaha ke kula da shi. Fashewar dandalin Deepwater Horizon a 2010 ta kashe mutum 11 ta jawo wa kamfanin BP asarar dala biliyan gommai. Sannan aikin ba shi da tabbas irin na gwamnati: gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, aka sallami dubban ɗaruruwan ma'aikata a duniya, aka sake irin haka a 2020. Duk da haka, hujjar haɗari ta fi zama tuhuma a kan yadda ake biyan ma'aikatan lantarki. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta sami layin da ke bi ta Makurdi. Asibitoci da masana'antu da masu sana'ar hannu duk sun ɗanɗana. Idan girman abin da kuskure ke jawowa ne ma'auni, wanda ke riƙe da layin wutar jihohi goma sha ba shi ne ya kamata ya zo a baya ba.

Abin da ke tafe

Kasuwar na sauyawa. Eni ta sayar da kamfaninta na haƙa a tudu ga Oando a 2024, ExxonMobil ta miƙa nata na gaɓar teku ga Seplat a ƙarshen shekarar, Shell kuma ta kammala sayar da nata, SPDC, ga Renaissance a Maris na 2025. Sababbin masu rijiyoyin da dala suke sayar da mai, amma sun ci bashi kafin su saya, kuma ba su da rassa a ƙasashe da dama da za su tura ma'aikaci ya ƙaro ilimi da kuɗi. Matatar Dangote mai tace ganga 650,000 a rana ta buɗe wata babbar ƙofa ga injiniyoyin tacewa. A waje kuma Saudiyya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba sa karɓar harajin albashi, don haka duk lokacin da naira ta zame, kiransu na ƙara ƙarfi. Wanda zai fi jin jiki shi ne ɓangaren lantarki, da ke horar da matashi shekara biyar ko goma sannan ya rasa shi daidai lokacin da ya fara amfani. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar sa idonsu, kuma kowace za ta buƙaci irin waɗannan mutane, daga rumbun da dama can bai cika ba.

Ga Arewa lissafin a bayyane yake. Ayyukan da ke biya daga dala sun taru a Legas da yankin Neja Delta, waɗanda ke kusa da gida kuma galibi na lantarki ne. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da haƙar Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe da aka ƙaddamar a 2022, za su iya kawo ayyukan fasaha, amma gas ɗin da za a sayar wa masana'antun Kano da tashoshin wuta shi ma daga aljihun masu biya da naira kuɗinsa zai fito. Matashin da aka yi wa tayin muƙami ya dace ya tambayi jimillar shekara ba ta wata ba, ya tambayi nawa ne tabbas nawa ne bonas, ya san ko dindindin ne ko kwantiragi, ya kuma nemi a faɗa masa yadda aka yi wa albashin kamfanin gyara tun 2023. Hukumomi kuma na da abin yi. NERC na duba kuɗin gudanarwar kamfanonin wuta duk lokacin da za ta yanke farashi, NCDMB na karɓar tsarin ɗaukar ma'aikata na kamfanonin mai da jerin baƙinsu. Ya kamata su biyun su haɗa kai da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa su riƙa fitar da albashin na tsakiya na kowane rukunin muƙami duk shekara, na ɗan ƙasa da na baƙo, ba tare da ambaton sunan kowa ba.